Jinjina ga Madugan Kujera

Ranku ya daɗe, masu girma 'yan majalisa, sannunku da ɗaukar nauyi. Duk sa'ad da labari ya iso ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu cewa an sake tsamo wasu daga cikinku an ɗora su a kujerun majalisar kiyaye haɗurran hanya, sai mu ce madalla, an ajiye ƙwarya a gurbinta. Wa ya cancanci kula da hanya in ba mutumin da hanya ba ta taɓa yi wa laifi ba? Ku ne ba ku da ƙulli da ita a zuci. Ba ta karya muku ƙafa ba, ba ta cinye muku jaki ba, ba ta taɓa maido muku da ɗa naɗe cikin tabarma a bayan boksi, wato a-kori-kura, ba. Mai irin wannan farar zuciya ake nema wurin yanke hukunci, don ba zai sa son rai ba.

Kakanninmu, Allah ya jiƙansu, ba su kai ga wannan wayewa ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yo gabas da ƙafa, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar, wajen 1906. Wasu kuma hanyar Makka ce ta kawo su, ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, tafiyar shekaru, ana noma ana ƙara gaba. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, auduga ta riƙe da yawa daga cikinsu a Jazira, wasu suka bazu bakin kogi har Suki da gaba da ita. Waɗannan bayin Allah in za su tashi ayari, tambayoyin ƙauyanci suke yi. Wannan da ake so a ba madugu, ya taɓa bin hanyar? Ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara? Ya san zangon da ake kwana da wanda ake wucewa da rana tsaka saboda 'yan fashi? Jagaba yana gaba yana duba sawu, uban dawaki yana riƙe da lissafin kuɗin fito, kowa da abin da za a tuhume shi a kai. Madugun da ya zubar da mutane a daji kuwa, ba a kiran taro a sauke shi. Baɗi zai ɗaura kaya ya waiwaya ya ga babu mai binsa.

Ku duba wahalar da suka ɗora wa kansu! Yau Allah ya hutar da mu. Kujera rabo ce: wannan ta unguwar gabas, wannan ta dangin wane, wannan kuma a lallashi wanda bai samu shiga kwamitin kuɗi ba, kada ya yi fushi. Mafi daɗi duka, ba a taɓa jin an karɓe ta saboda yawan gawa ba. Shekara ta ci mutum goma ko ta ci ɗari, mai kujera yana nan daram, rawaninsa fari tas.

Kuma naɗin naku mai ninki ne. A zamanin da mu'utamad ke riƙe da mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, yawancin 'yan majalisarta daga sama ake sauko da sunayensu, talaka ya huta da tsayuwa a layin ƙuri'a cikin rana. Wanda aka naɗa ya wakilce mu, shi aka sake naɗawa ya kiyaye rayukanmu. Dokar zirga-zirga ta 2010 ta tanadi majalisar da za ta haɗa kan hukumomi wajen kiyaye haɗurra, sai kujeru suka yi 'ya'ya daga Hartum zuwa jihohi. A 2019 gwamnati ta faɗi, aka rushe majalisu, har yau ba a sake zaɓe ba. Amma al'adar naɗi tana da rai bakwai. Sunan ofis ya canza, hatimi ya canza, takardar ta ci gaba da fitowa da jerin sunaye, kowanne da "mai girma" a gabansa.

Ba wanda zai ce ba ku san hanya ba. Kun san ta ta gilashi, da sanyin mota, daga kujerar baya, kuma daga nan ta fi kyan gani. Daga nan hanyar Hartum zuwa Wad Madani, kusan kilomita 190, zare ce baƙa miƙaƙƙiya mai ratsa Kamlin da Hasahisa, tafiyar barci ɗaya. Mutanen da ke zaune gefenta ne, don rashin godiya, suka sa mata suna hanyar mutuwa, wai don siririya ce, mai zuwa da mai dawowa suna goga kafaɗa, kuma ta bi ta tsakiyar garuruwa. Haka wadda ta tashi daga Sinnar ta bi ta Mai Wurno da Sinja ta nufi Damazin. Haka namu na wannan tsallaken kogi, da zalat ɗin, wato kwalta, da turbar tsakuwa, da ta baƙar laka wadda in damina ta sauka take haɗiye mota har gindi.

Mu da ke ƙasa wani abu muke gani. Da kaka, lori ta ɗauko buhunan riɗi da dawa har sun fi ƙarfin tayarta, tana tafe tana karkata. Babbar bas tana bayanta tana neman wucewa, direba ya yi alkawarin isa kafin la'asar. Hafila, wato ƙaramar bas, cike da 'yan kasuwa, raksha mai ƙafa uku da aka yi don lungu ga ta a babbar hanya, karo da jakinsa da gangar ruwa, garken makiyaya yana tsallakawa, 'yan mata sun taso daga makaranta suna tafe a jere. Duka a kan shimfiɗa guda, wadda gefenta ya guntule kamar gurasar da ɓera ya kwana yana ci. Babu kafaɗar da mai karo zai raɓe. In ya sauka sai rami, in ya tsaya sai lori. Amma wannan ganin na kusa ne, kuma gani na kusa yana hana mutum natsuwar tsara manufa. Gara ku da kuke hangowa.

Aikinku kuwa, sai makaho zai musa. Akwai warsha, taron bita na yini biyu, a zaure mai fanka. Akwai ƙyalle a bakin ƙofa da aka rubuta rigakafi ya fi magani. Akwai Makon Zirga-zirga na Ƙasashen Larabawa a watan Mayu, a jera yara da fararen huluna, 'yan sandan hanya cikin fararen kaya, a raba takardu ga direbobin da suka riga suka tsaya. Ƙarfe goma sha ɗaya a sauke tiren fatur, wato karin kumallo, ful da mai da ta'amiyya, a bi da shayi da jabana, wato gahawa. Kafin a watse a karanta shawarwari, a tafa, a sa hannu a takardar alawus. Shawarwarin nan ba sa tsufa. Na bara ma, in aka karkaɗe musu ƙura aka gyara kwanan wata, tsaf za su yi bana, kuma wannan tattali ne da ya kamata a yaba.

Ga ilimi kuma. Kun haddace alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya kamar karatun allo. Kun san rahotonta na 2023 ya ce hanya tana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma ita ce kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Kun san fiye da rabin matattun masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur. Kun san Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2011 zuwa 2020, ta sake ware 2021 zuwa 2030, da burin rage mace-macen da rabi. Har kun san cewa mai tafiya ƙasa da mota ta buge tana gudun kilomita 65 a awa, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a kilomita 50 sau huɗu da rabi. Kilomita goma sha biyar kacal, abin da tudun rage gudu guda ɗaya a ƙofar makaranta zai cire. Kuna faɗar wannan da murya mai daɗi, kuma kun kiyaye shi daga ƙazantar siminti da tsakuwa. Ilimin yana nan a takarda, fes, ba wanda ya taka shi.

A nan zan ajiye kirari, don abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Maƙwabcina yana da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, shi ke ɗebo wa gidaje ruwa a karo bayan ya dawo daga makaranta. Ranar, an kusa kiran magariba, lokacin da hasken rana ya tafi, na fitila bai kama ba. Yana dawowa da ganga ta ƙarshe, ya hau kwalta don ya tsallaka inda kowa ke tsallakawa, daidai kwanar da bishiyoyi suka rufe. Lori ta taho da fitila ɗaya. Direban daga baya ya rantse ya zaci ko babur babu a gabansa, bai ga komai ba sai da ya ji ƙara. Na yarda da shi, don karon ba shi da ko ƙyallin da zai maido haske. Da muka iso, ganga ta fashe, ruwa ya bi gefen hanya ya haɗu da jini, jakin yana shure-shure. Yaron yana numfashi. Takalminsa ɗaya, irin na roba, yana tsakiyar kwalta a tsaye kamar an ajiye shi.

Aka kira motar asibiti, aka ce akwai mota, babu mai. Muka tsayar da boksi mai ɗauke da ayaba, aka sauke rabin kaya, muka shimfiɗa shi a kan ganye, ubansa ya ɗora kansa a cinya. Kowane rami sai yaron ya yi nishi. Da muka isa, wani ma'aikaci ya tambayi urnik 8, takardar 'yan sanda da ake cikewa ga wanda ya ji rauni. An ce doka ba ta hana a fara ceton rai kafin a kawo ta ba, amma mutumin da ke bakin ƙofa yana tsoron abin da zai biyo baya, don haka ɗayanmu ya ruga neman takarda, wata ma'aikaciyar jinya kuma, Allah ya saka mata, ta fara abin da za ta iya ba ta jira ba. Babu jini a ajiye. Babu likitan fiɗa a daren. Aka ce a wuce da shi babban gari. Bai kai gada ba.

Ubansa bai yi kuka a mota ba. Ya dai ce da ni, "Malam, rufa masa ƙafa, yana jin sanyi." Na rufa.

Ranku ya daɗe, a nan ma ba ku gaza ba. Rana ta biyu da kafa rumfar makoki sai ga ɗayanku. Ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, ya zauna a kujerar da aka tashi wani tsoho aka ba shi, ya ce rai na Allah ne, kowa da ranarsa. Dattawa suka shiga tsakani yadda aka saba, aka kawo dangin direba, maƙwabcina ya ce ya yafe, ba zai ci kuɗin jinin ɗansa ba. Mai girma ya yaba masa, ya ce haka musulmin ƙwarai yake. Gaskiya ya faɗa. Sai dai yafewar ta rufe takarda, kuma da takarda ta rufu, kwanar nan ta fita daga lissafi, kamar ba a taɓa mutuwa a wurin ba. Da zai tafi, motarsa ta bi ta daidai wurin da gudun da ya sa kaji watsewa, don yana da wani zama a gaba.

Na jinjina wa tauhidinku. Ba a taɓa ganin masu riƙo da ƙaddara irinku ba, musamman ƙaddarar 'ya'yan wasu. Malamanmu na zaure dai sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, kuma sukan kawo labarin Sayyidina Umar, yadda yake tsoron a tambaye shi gobe kiyama in alfadari ya yi tuntuɓe a Iraƙi saboda bai gyara masa hanya ba. Alfadari fa, kuma a ƙasar da ke nesa da Madina tafiyar makonni. Shi wannan tsoro ya hana shi barci. Ku Allah ya yaye muku shi.

Akwai wani abu da ya so ya ɓata muku suna, amma kun iya da shi. Kowa a Sudan ya san tafwij. In Sallah ta ƙarato, ƙarama ko babba, 'yan sandan hanya sukan tara manyan bas-bas su jera su, motarsu a gaba, ba mai wuce wani, ba mai ƙara gudu, har a miƙa su ga na gaba. Fasinja yakan yi gunaguni don tafiyar ta yi tsawo, amma uwa takan kwanta da kwanciyar rai. Ayari ne sak, da madugunsa da jagabansa, irin na kakanninmu. Abin da yake nunawa mai haɗari ne: ashe in an so a hana gudu, ana iya hanawa, da motocin nan da direbobin nan da ramukan nan. Da mutane sun riƙe wannan a ka, da sun fara tambayar ina ake sauran kwanakin shekara. Sai aka bar shi ya zama kayan Sallah, a fito da shi sau biyu a ninke a mayar akwati. Sauran watanni a koma ga tara ta nan take, wadda ke da rasit, ke shiga asusu, kuma ba ta hana lori mai fitila ɗaya ci gaba da tafiya bayan an biya.

Hikimarku mafi girma ita ce sanin wanda ba za a gayyata ba. Akwai wata mai shayi a mararrabarmu, muna ce mata Inna, ta fi shekara ashirin a ƙarƙashin bishiya ɗaya. Ba ta karatu, amma za ta lissafa maka duk wanda ya mutu tsakanin gidan mai da makaranta, da lokacin, da irin motar, da inda aka tsinci gawar. Akwai masu agashe da ke kwana a bakin hanya suna gasa nama, sun san direban da ke gyangyaɗi tun daga yadda ya taka burki. Akwai shugaban masu karo, da tsohon direban da ya yi shekara talatin tsakanin Sinnar da Gadarif, da shugabar makarantar 'yan mata, da ma'aikaciyar jinyar nan. Da kun ba ɗayansu kujera, da taro ya lalace. Ba su iya cewa "ya kamata a ƙara wayar da kan jama'a" ba. Za su ce kwanar kaza, a sare bishiya uku. Ƙofar makaranta kaza, tudu biyu, buhun siminti kaza. Motar asibiti, jarkar mai biyu a kulle da sunanta, mabuɗi a hannun wane. Magana mai suna da farashi irin wannan, in aka rubuta ta, wata shida sai wani ya zo ya tambaya ko an yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi ya sa mai hankali ba ya kiransa taron gyaran rufi.

Kada a ce ina neman sai injiniya. A Nijeriya, da aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya a 1988, shugabanta na farko Wole Soyinka ne, marubuci, malamin jami'a. Abin da ya kai shi ga aikin, tun shekarun da ya fara shi a jihar Oyo, shi ne yawan ɗalibai da abokan aiki da hanyar Ibadan zuwa Ife ta cinye, har ya riƙa fita da kansa yana tsayar da motoci. Ciwo ne ya kai shi. Ku kuwa lafiya ce ta kai ku, kuma lafiya uwar jiki ce.

Sannan yaƙi ya zo. Ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci Madani a Disamba, a tsakiyar 2024 ya iso Sinja da Dindir da Suki, sai a Oktoba sojoji suka karɓe Suki, Sinja kuma a Nuwamba. A watannin nan mutanenmu sun san hanya sanin da ba a fata. Sun bi ta da ƙafa cikin laka, tsofaffi a karo, jarirai a baya, suna neman Gadarif, kuma jagoransu a daji masu karon nan ne da makiyaya da tsofaffin direbobi, waɗanda suka san inda ƙorama ke tsallakuwa. Ba a ga takardar naɗinsu ba. Da aka fara dawowa, aka tarar da hanya ta ƙara lalacewa, asibitoci an kwashe, motoci marasa lamba sun ƙaru a kan waɗanda tun da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, waɗanda mutanen Sudan ke kira boko. Matasa da suka koyi tuƙi a gudun tsira suna riƙe da sitiyari. In akwai lokacin da ƙasa ke bukatar madugu, yanzu ne, don abin da aka shimfiɗa bana shi za a taka shekara ashirin: ko a yi wa kwalta kafaɗa ko kada a yi, ko ta kewaye kasuwa ko ta ratsa ta. Kun fahimci girman lokacin, shi ya sa kuka fara da abin da ya fi muhimmanci, kuka gyara zaure, kuka sayo kujeru.

Mu a ƙauye mun yi abin da jahilai ke yi. Samari sun kwaso ƙasa da tsakuwa sun tara tudu a bakin kwanar, ba bisa ƙa'ida ba, ya yi tsini, direbobi suna zagi, ruwa yana cinye shi muna sake tarawa. Maƙwabcina kuwa ya samo sana'ar da ba a biyansa. Yana bi gida gida yana karɓar murfin gwangwanin madara, ya goge shi da toka har ya yi ƙyalli, ya huda shi da ƙusa, ya kafa a bayan kowane karo da ya samu, biyu biyu. Da dare in fitilar mota ta haska sai ka ga kamar idanun mage. Yaran masu karo suna ce masa Baba mai murfi.

Kwanan baya wani ya turo mini jerin sunayen wani sabon naɗi a waya. Muna zaune wurin Inna bayan la'asar, na karanta musu a bayyane, kowane suna da muƙaminsa, sai da shayina ya huce. Maƙwabcina yana gefe da guduma a hannu, ƙusa biyu a baki. Ya cire su ya ce, "Malam, a cikinsu akwai mai karo?"

Na sake bin jerin daga sama har ƙasa. Na ce babu.

Ya mayar da ƙusoshin bakinsa, ya ce wa yaron da ke riƙe da jaki ya juyo masa da ɗaya gefen.